Yadda Ake Tattalin Abincin Gida a Wannan Tsadar: A Fara da Kwanon Awo

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki naira a watan Yuni ta nemo wa kanta daraja a kasuwa, babu gidan da tukunyarsa ba ta ji a jikinta ba. Zuwa tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin shekarar, a daidai lokacin da wannan kuɗin da ƙyar yake sayen buhun shinkafa ɗaya mai kilo 50. Ni malamar makaranta ce a Kano, mu bakwai ne a gida har da surukata, kuma abin da zan zayyana a nan shi muke yi, shi ya riƙe mu.

Abin da na fi so ku tafi da shi guda ɗaya ne. Ku daina lissafin abinci da naira, ku koma lissafa shi da kwano. Naira yau daban gobe daban. Cikin iyalinku kuwa bai canza ba, abin da suka ci a watan jiya shi za su ci a wannan. Wanda ya san cin gidansa da kwano shi ne zai iya sanin lokacin da ya kamata ya saya, da yawan da zai saya, da inda abinci yake zurarewa.

Mataki na farko: ku san cin gidanku

Daga surukata na koyi wannan. Wata safiya na ɗebo shinkafa da roba kamar yadda na saba, tana zaune a kan tabarma tana lazimi. Ta ajiye carbi ta ce, "'Yar nan, kawo na gani." Ta sa aka miƙo mata gwangwanin madara, ta auna ɗaya bayan ɗaya, gwangwani goma sha ɗaya. Ta kwashe uku ta mayar cikin buhu. Na ce, "Inna, anya za ta ishe mu kuwa?" Ta ce, "Je ki dafa, in ba ta isa ba ki zo ki same ni." Kowa ya ƙoshi, kuma ranar ba a kankare komai an zuba wa kaji ba. Gwangwani uku a rana, a wata casa'in ke nan, fiye da kwano huɗu da nake dafawa ba don wani ya ci ba.

Ga yadda za ku yi. Ku samu gwangwani ɗaya da kwanon awo ɗaya, su zama na ɗakin girki, kada a riƙa canza su. Ku samu ƙaramin littafin makaranta ku rataye shi kusa da inda ake ajiye abinci. Tsawon mako biyu kada ku rage komai, ku dai auna ku rubuta: hatsi kwano nawa aka kai niƙa, shinkafa gwangwani nawa, wake nawa, mai ya kwana nawa a kwalba, gawayi ko gas ya kai yaushe. A shafi na daban ku rubuta duk abin da aka kashe da kuɗi a hannu: kayan miya, kuɗin niƙa, kuɗin tara na yara, ƙosai da koko, burodi, lemo, ruwan leda. Ku rubuta har abin da aka zubar. Bayan mako biyu ku ninka biyu, kun samu cin wata.

A gidanmu mun gano hatsi da shinkafa gaba ɗaya kusan kwano ɗaya muke ci a rana. A Kano ana ƙiyasta buhun hatsi kwano arba'in, wato buhu ɗaya yana kai mu wata da 'yan kwanaki. Ku lura awo ya bambanta daga gari zuwa gari, tiyar Kano ba ɗaya take da mudun Kaduna ba, don haka ku yi lissafi da na garinku.

Wannan aiki na mutum biyu ne. In maigida ne yake cefane, uwargida ce take riƙe da awo, to sai sun zauna tare a kan littafin nan. Yawan rigimar "ina abincin da na kawo?" da "abin da ka kawo bai isa ba" daga rashin lissafi take tasowa, kuma littafin yana kashe ta.

Mataki na biyu: ku raba kuɗin tun ranar da ya shigo

Mai albashi ya fara cire kuɗin abinci mai zama, wato hatsi, wake, mai, gishiri da makamashi, ya saya a makon farko. Sauran kuɗin cefanen yau da kullum a raba shi huɗu, kowane mako da ƙullinsa, kuma ba a taɓa na mako mai zuwa. Ya fi kyau a ciro shi a lokaci guda, domin zuwa wurin mai POS kullum da ɗan abin da yake cirewa shi ma kuɗin miyar kwana biyu ne a wata.

Wanda kullum sai ya fita ya samo, ɗan adaidaita sahu ko lebura ko mai ƙaramar sana'a, ba zai iya haka ba, kuma ban manta da shi ba. Iyayenmu suna da dabararsu: duk lokacin da aka auna abin da za a dafa, sai a ɗebi cikin hannu ɗaya a zuba a wata tukunya mai murfi. Ba wanda zai ji an rage, amma ranar da aka fita ba a samo ba akwai abin ɗorawa. A haɗa da asusu, ko da abin da za a jefa bai taka kara ya karya ba.

Ku guji littafin bashin mai shago gwargwadon iko. Wanda yake karɓa bashi ba ya ciniki, ba ya zaɓe, kuma albashinsa yana ƙarewa tun kafin ya shigo.

Mataki na uku: ku bi kaka, kowane abu da lokacin araharsa

Nan ne kuɗi mai yawa yake. Gero yana fara shigowa daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, masara ta biyo baya, wake da gyaɗa wajen Oktoba da Nuwamba, dawa kuma Nuwamba zuwa Disamba. A mafi yawan shekaru farashi yana sauka a wannan tsakanin, ya fara hawa da bazara, ya kai ƙololuwa a tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabo bai nuna ba. Tumatir da tattasai da attaruhu kuwa nasu lokacin na rani ne, Janairu zuwa Maris, sa'ad da kayan lambun Kadawa, Kura, Garun Malam da Bunkure suke cika kasuwar 'Yan Kaba. Albasa ma a rani take araha, ta yi tsada idan shekara ta zo ƙarshe.

Tunda kun san cin gidanku, sai ku yi lissafi: in gidan yana cin kwano talatin na hatsi a wata, kuna so ku tsallake wata huɗu na tsada, buhu uku kuke buƙata. Tambayar ita ce ina kuɗin? Amsar da na gani tana aiki ita ce adashe. Ku shiga adashen da kuka yarda da uwarsa, ku roƙa tun farko a sa ɗaukarku ta faɗo a Nuwamba ko Disamba, kuma ranar da kuka ɗauka kuɗin kada ya kwana biyu a gida, kasuwa za a wuce. In buhu ya fi ƙarfinku, ku haɗu gida uku ko huɗu ku aika mutum ɗaya Dawanau ko kasuwar ƙauye mafi kusa, a raba kuɗin mota da na dako, a dawo a auna a gaban kowa. Haka ake yi da jarkar mai da katan na taliya a kasuwar Singa. Haka ake yi da nama, watanda ta fi sayen kaɗan-kaɗan na kullum sauƙi nesa ba kusa ba.

Ga gargaɗi, kuma da gaske nake. Kada ku ci bashi don ku tara hatsi, kada kuma ku sayi fiye da cin gidanku da niyyar sayarwa in ya yi tsada. A tsakiyar 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, kuma a 2025 farashin masara da sauran hatsi ya sauka maimakon ya hau yadda aka saba. Waɗanda suka tara don riba sun ji jiki. Wanda ya saya don iyalinsa kuwa bai yi asara ba, abincinsa ya ci. Tanadin abincin iyali halal ne, ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana tanadar wa iyalinsa abincin shekara. Ɓoye abinci don a ƙuntata wa jama'a shi ne abin da aka hana, kuma mun ga yadda hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbuna a farkon 2024 kan wannan zargi.

A kasuwa ku buɗe ido. Ku sa a ɗebo muku daga tsakiya da ƙasan buhu, domin algus ba a sama yake zama ba. Ku dubi gindin kwanon da ake auna muku, in a bubbuge yake ku matsa gaba, ko ku tafi da naku. Ku ciji ƙwaya ɗaya: busasshiya tana fashewa da ƙara, mai danshi tana lotsewa. Hatsi mai danshi nauyin ruwa kuka saya, kuma ba zai ajiyu ba.

Mataki na huɗu: ajiya, inda wahalar mutane da yawa take lalacewa

Shekarar da muka fara sayen wake da yawa, rabin buhu muka jingine a lungun ɗaki a buhunsa na kasuwa. Bayan wata uku na kwance bakin, wani zafi ya bugi hannuna, ƙwari suka taso. Kowace ƙwaya da huda biyu ko uku, ƙasan buhun ya zama gari. Na zauna a wurin na yi shiru, domin kuɗin adashen wata biyar ne a gabana. Ba na so wani ya ga irin wannan, shi ya sa zan tsaya a nan sosai.

Ƙwarin wake tun daga gona suke biyo shi, ƙwansu yana manne a jikin ƙwayar. Abin da yake kashe su ba tare da guba ba shi ne a hana su iska. Buhun PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na Afirka, don wannan aka yi shi: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ana samunsa a wurin masu sayar da kayan noma. Yadda ake amfani da shi:

Ku fara shanya waken ya bushe ƙayau, ku sheƙe, ku tsince. In kuna shakkar bushewarsa, ku zuba busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ku ƙara cikin hannu na wake, ku rufe ku girgiza, ku bari ya ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar rana. Ku bari ya huce a inuwa kafin a zuba. Ku hura iska a kowace leda ku matse, in tana fita akwai huda, kada ku yi amfani da ita. Ku sa leda cikin leda, su biyun cikin buhun waje, ku zuba, kuna girgizawa don ya zauna. Ku matse iskar ledar ciki, ku murɗe bakin, ku lanƙwasa, ku ɗaure. Ta biyu ma haka ita kaɗai, sannan buhun waje. A ɗora a kan katako, a ɗan janye daga bango, a kiyaye ɓera, domin huda ɗaya ta ɓata aikin. Kuma ba a buɗewa kullum. Ku ware na cin wata a wani mazubi daban.

In ba ku samu wannan buhu ba, jarkar mai ta lita 25 tana yin aikin. A wanke ta sosai, ta bushe sarai, a cika ta har wuya, a shimfiɗa leda a baki a murɗa murfin. Masara, dawa da gero duk haka ake musu.

Don Allah kada ku zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari na ruwa a abin da iyalinku za su ci. Saboda irin wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen waken Najeriya a 2015. In kun sayi wake kuka ji yana warin magani, ku bar shi. Haka nan gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna, kada tsada ta sa ku ce a wanke a niƙa. Gubar da ke cikin funfunar nan dahuwa ba ta kashe ta, kuma tana lahanta hanta.

Mataki na biyar: kayan miya

Kowa ya tuna yadda tumatir ya gagara a 2016 da tsutsar da manoma suke kira sharon ta cinye gonaki, kuma kusan kowace damina sai an ɗanɗana irin wannan. Maganinsa kauɗa. Lokacin da kwando ya yi araha, ku zaɓi masu tauri, ku wanke, ku yanka biyu ko huɗu, ku baza a kan tabarma mai tsabta da aka ɗaga daga ƙasa, ku lulluɓa tsohon gidan sauro da aka wanke don ƙuda da ƙura. Da iskar hunturu, cikin mako guda ya bushe. Kauɗar gida ja take, ba ƙasa a cikinta, ba kamar wadda ake shanyawa a bakin titi ba. Tattasai, attaruhu, kuɓewa, zogale, rama da yakuwa duk suna bushewa, sai dai ganye a inuwa ake shanya shi don kada ya koɗe.

Mai son ɗanyen ɗanɗano zai iya zuba markaɗe a kwalba, amma da sharaɗi. Tumatir zalla, ban da albasa da tattasai, domin su ne suke rage tsamin da yake kare shi. A tafasa ya yi kauri, a sa ruwan lemon tsami babban cokali biyu a kowace lita, a zuba da zafinsa a kwalaben da aka tafasa, a rufe, a sake dafa kwalaben cikin ruwan da ya sha kansu kusan awa ɗaya. Duk wadda murfinta ya kumbura daga baya a zubar, ko ɗanɗanawa kada a yi.

Kuka, kalkashi da busasshiyar kuɓewa ba abincin rashi ba ne, da su aka rene mu. Miyar da ta ji daddawa ba ta buƙatar magi da yawa. In kuna da ɗan fili ko tsofaffin buhunan siminti, ku shuka alayyafo, yakuwa da zogale a bayan ɗaki, ruwan wankin shinkafa ya ishe su.

Mataki na shida: abin da zai maye gurbin nama da shinkafa

Shinkafa ta fi dawa da masara tsada, amma ta mamaye mana tukwane. Ku rage ta zuwa sau biyu ko uku a mako, ku dawo da dambu, fate, burabusko, ɗanwake da tuwon dawa. Ranar shinkafar ma a yi garau-garau, wake ya ɗauki rabi.

Waken suya shi ne naman wannan zamani. A jiƙa shi ya kwana, a markaɗa, a tace, a tafasa madarar, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, a juye a ƙyalle a danne da nauyi, awara ta samu. A soya a jefa a miya, yara ba sa tambayar nama. Dusar da ta rage a ba kaji. Kwano ɗaya na soyayyen waken suya in aka haɗa da hatsi huɗu ko biyar aka kai niƙa, tuwo da kunu sun ƙara ƙarfi. Garin ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, ɗan busasshen kifi da aka daka a miya, su ma suna tsayawa.

Akwai inda ba a ragewa. Mai ciki, mai shayarwa, yara ƙanana da tsofaffi, su ake fara zuba wa. Jariri kuma nono zalla har wata shida, ya fi masa lafiya, ya kuma hutar da ku sayen madarar gwangwani.

Mataki na bakwai: wuta da tukunya

Wake in ya kwana a jiƙe yana nuna da wuri, kuma ba sai an cika masa kanwa ba. Tukunya a rufe take dahuwa. Da zarar ta tafasa a rage wuta. A tara niƙan mako biyu a kai sau ɗaya. Garwashin da ya rage a kashe shi, gobe a ƙara da shi.

Wata dabarar da nake so kowa ya gwada: ku shimfiɗa tsohon bargo a cikin kwando. Shinkafa ta tafasa kamar minti biyar, wake kuwa aƙalla minti goma sha biyar yana tafasa sosai, sai a sauke ba tare da an buɗe ba, a sa a kwandon, a naɗe ta ko'ina da bargon. Shinkafa ta ƙarasa cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, wake awa biyu zuwa uku. Ba ta ƙonewa, ba ta kamawa. In ta daɗe har ta fara hucewa, a sake tafasawa kafin a ci.

Ragowar tuwo ɗumamen safe ne, kuma ya fi burodi da shayi riƙe ciki. Sai dai da zafin Afrilu da rashin wutar lantarki, a ɗumama miya da dare, a sake da asuba.

Sai kuɗin tara. Da na duba littafinmu a watan farko, abin da yara huɗu suke kashewa a ƙofar makaranta ya kusa kai kuɗin wakenmu na wata. Yanzu da dare nake dama kunu ko na soya awara, kowa ya tafi da nasa a roba da gorar ruwa. Babbar 'yarmu ta ɗan yi ƙorafi a makon farko, daga baya ƙawayenta suka fara roƙon a ƙara mata.

Ƙarshen kowane wata, bayan sallar isha'i, ni da Malam muna zama da littafin. Mu duba kwano nawa aka ci, mu leƙa buhuna mu ga ko sun yi daidai da rubutu, mu ga abin da zai yi araha a wata mai kamawa don kuɗin ya tafi can. Wannan watan mun ga man gyaɗa yana ƙarewa kwana huɗu kafin lokacinsa, don haka na ajiye ludayi a bakin kwalbar, an daina tsiyayawa kai tsaye cikin tukunya.